Jagorar Malamin Tarihi da Zamantakewa: Yadda Ake Ɗauko Kayan Darasi Daga Intanet Zuwa Aji

A watan Nuwamba na 2022 ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da maido da tarihi a matsayin darasi mai cin gashin kansa a makarantun firamare da ƙananan sakandare, bayan ya shafe fiye da shekara goma babu shi a manhajar karatu, sai ɗan abin da aka gutsuro aka cusa cikin darasin zamantakewa. Mu da muke riƙe da alli mun yi farin ciki da wannan mataki, sai dai farin cikin ya zo da nauyi, domin da yawa daga cikinmu an ɗora mana darasin ba tare da isassun littattafai ba, babu taswira a bango, wasunmu kuma ba tarihi suka karanta a kwaleji ba. Abu ɗaya da kusan kowane malami yake da shi a yau shi ne waya a aljihu, kuma ta wayar nan ana iya isa ga littattafai da taswirori da tsofaffin takardu waɗanda a da sai mutum ya yi tattaki zuwa Gidan Arewa a Kaduna, ko ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, kafin ya ga irinsu.

Na rubuta wannan jagora ne domin 'yan'uwana malamai, maza da mata, da ke koyarwa a Zariya, wato a Birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru da ƙauyukan kewaye, bisa abin da na gwada a ajin da ɗalibansa suka haura 70, babu majigi, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Abin da na tsaya a kai shi ne cewa aikin intanet yana ƙarewa tun kafin malami ya taka ƙofar aji. A gida ake nema, a tantance, a sauke, a taƙaita. Abin da zai shiga aji bai wuce takarda ɗaya ko biyu, ko hoto, ko bidiyon minti uku ba, tare da tambayar da za ta sa yara su yi tunani da kansu.

Mataki na farko: a mai da batun mako ya zama tambaya

Wanda ya shiga kasuwa bai san abin da ya je saye ba, dillalai ne za su zaɓar masa. Saboda haka kafin malami ya kunna data, ya buɗe manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, da jadawalin zango da makarantarsa take bi, ya duba batun makon, sannan ya sake rubuta shi a takarda a siffar tambaya. Idan jadawali ya ce daulolin ƙasar Hausa, wannan gona ce da ba za a nome ta cikin minti 40 ba. Amma idan aka ce, "Me ya sa mutanen Zazzau suka kewaye garinsu da ganuwa, kuma su wa suka yi aikin ginin?", an sami abin nema takamaimai: taswirar ganuwar, sunayen ƙofofi, da bayanin wani matafiyi da ya gan ta tana tsaye. Idan batun zamantakewa ne, kamar ƙaura da cuɗanyar al'ummu, tambayar tana iya zama, "Yaya aka yi Sabon Gari ya kafu a gefen tashar jirgin ƙasa, kuma daga ina mazaunansa na farko suka fito?" Layin dogo da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, don haka malami ya riga ya san shekarun da zai mai da hankali a kansu.

A ƙarƙashin tambayar ya rubuta abin da yake buƙata, kada ya wuce uku, ya kuma yanka wa kansa lokacin bincike, misali awa ɗaya.

Mataki na biyu: malami ya fara ƙosar da kansa

Ba a ba da abin da ba a da shi. Kafin a nemi abin da za a nuna wa yara, sai malami ya karanta abin da ya zarce matsayinsu nesa ba kusa ba, kuma wurin da nake ba da shawarar a fara shi ne babban aikin hukumar UNESCO mai suna General History of Africa, wanda aka soma a 1964, kuma akasarin masanan da suka jagorance shi 'yan Afirka ne. Mujalladansa 8 na asali suna nan kyauta a shafin hukumar. Ba a buƙatar karanta su duka. Mujalladi na 4 yana da babin da Mahdi Adamu ya rubuta kan Hausawa da maƙwabtansu, na 5 ya ci gaba da ƙasashen Hausa daga ƙarni na 16 zuwa na 18, na 6 wanda J. F. Ade Ajayi ya tace yana da babin Murray Last kan Daular Sakkwato da Barno, na 7 kuma ya ƙunshi zamanin mulkin mallaka daga 1880 zuwa 1935. Malamin da ya sauke waɗannan babuka ya karanta su a hutun ƙarshen zango ya tanadi guzurin shekara.

Ga abin da ya shafi Zazzau kai tsaye, muna da gatan da malaman wasu garuruwa ba su da shi. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana da rumbun kundayen bincike a intanet mai suna Kubanni, sunan rafin nan da ya ratsa Samaru, inda ake samun kundayen digiri na biyu da na uku na sassan tarihi da Hausa da nazarin ƙasa da ilimi. A cikinsu akwai bincike kan unguwanni da kasuwanni da sana'o'i da gundumomin masarauta, irin wanda babu littafin makaranta da zai kawo shi. Dabarar karanta kundi ita ce a fara da taƙaitawar farko, a tsallaka zuwa babin da ya shafi tambayarka, sannan a leƙa ƙarshe a ga su wa mai binciken ya yi hira da su da kuma takardun da ya dogara a kansu. Kundin da ya nuna inda ya samo kowace magana ya fi wanda ya cika da yabo da kirari.

Wanda yake son zurfafawa ya yi rajista kyauta a JSTOR, wani rumbun mujallun masana a intanet, inda ake ba mutum damar karanta wasu maƙaloli a kowane wata, ciki har da mujallar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955. Game da dabarun koyarwa kuwa, akwai littattafan kwasa-kwasan Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, da ake saukewa kyauta, akwai shirin TESSA da aka tsara domin malaman Afirka masu manyan azuzuwa da ƙarancin kayan aiki, akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022. Waɗannan suna da amfani, amma a ganina ba su kai kundayen Kubanni kusanci da rayuwar yaranmu ba.

Mataki na uku: neman shaidun asali

Nan ne intanet ta fi littafin makaranta nesa. Littafi yana gaya wa yaro abin da ya faru, shaidar asali kuwa tana sa shi ya ji muryar wanda ya rayu a lokacin, ya auna ta da hankalinsa. Babban rumbun irin waɗannan shi ne Internet Archive, inda tsofaffin littattafan matafiya suke kyauta. Alal misali, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya yada zango a Zariya a 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Kano da Sakkwato, kuma an buga littafin tafiyarsa ta biyu a 1829 bayan rasuwarsa. Shafuka kaɗan ya yi a kan garinmu, amma sun isa darasi guda, musamman idan aka tuna wa yara cewa ya zo ne kafin Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu.

Akwai wata dabara da rashin saninta yake sa malamai su yi zaton babu komai a kan ƙasarmu. Turawan da ba su rubuta sunayenmu yadda muke rubuta su yau. Wanda ya nemi Zazzau kaɗai zai dawo hannu rabbana, sai ya gwada Zegzeg ko Zozo. Katsina takan fito a matsayin Kashna, Sakkwato kuma Soccatoo ko Sackatoo, Hausa ta zama Houssa ko Haussa, Fulani kuma Fellata. Idan aka buɗe littafi a Internet Archive akwai gurbin bincike a cikin littafin kansa, wanda zai kai mutum kai tsaye shafin da kalmar take, ba sai ya bi shafi 400 ɗaya bayan ɗaya ba.

Rahotannin shekara-shekara na gwamnatin mulkin mallaka ta Arewa, tun daga 1900, su ma suna intanet, kuma a cikinsu ake ganin yadda Turawa suka bayyana shigarsu Zariya a 1902, da lissafin haraji da jangali, da aikin layin dogo. Wajibi ne malami ya gaya wa yara cewa waɗanda suka ci ƙasa da yaƙi ne suka rubuta su, suna kai rahoto ga iyayen gidansu a Landan, suna kuma son a ga aikinsu da kyau. Abin da Razdan ya kira kwantar da tarzoma, mai yiwuwa kakannin yaron da ke zaune a gabanka da wani suna suka san shi. Domin jin ɓangarenmu, akwai shirin ceto tsofaffin takardu na ɗakin karatun Birtaniya, mai suna Endangered Archives Programme, wanda ya ɗauki hotunan takardu daga Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, akwai kuma taskar rubuce-rubucen ajami ta Jami'ar Boston a Amurka, wadda ta ƙunshi na Hausa. Na ga yadda fuskar yaran da suka yi makarantar allo take haske idan aka miƙa musu shafin ajami suka karanta shi da kansu, suka gane cewa abin da suka koya a zaure shi ma mabuɗin tarihi ne.

Ga ƙarni na 20, tashar British Pathé a YouTube tana da gajerun fina-finan labarai, ciki har da hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956 da bikin samun 'yancin kai na 1 ga Oktoba, 1960. Shafin Archivi.ng yana tattara tsofaffin jaridun Nijeriya. Google Earth kuma yana ba malami damar kallon Zariya daga sama, ya bi sawun ganuwa daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan, ya ga inda gine-gine suka cinye ta, ya kuma koma ga hotunan shekarun baya ya kwatanta yadda gonaki suka koma unguwanni.

Mataki na huɗu: tantancewa

Wannan matakin ne na fi jin tsoron a tsallake, domin ƙaryar da malami ya faɗa a aji takan zauna a kan yaro har tsufansa. Ni kaina na taɓa buga wani hoto da aka turo mini ta WhatsApp da sunan tsohuwar ganuwar Zazzau, na manna shi a allo, na yi darasi a kansa. Bayan mako biyu na gano cewa hoton na wani gari ne dabam. Na koma ajin na ba su haƙuri, na gyara, kuma tun daga ranar ban sake kai wani abu aji ba sai na san asalinsa.

Mu a Zazzau ba baƙon abu ba ne a wurinmu a tambayi mai magana daga wa ya ji, domin malamanmu na zaure sun raine mu a kan sanin isnadi. Wannan tarbiyyar ce za a ɗora a kan abin da aka samo a intanet. Wa ya rubuta? Yaushe? Domin wa ya rubuta, kuma me yake so a gaskata? Wane ne kuma ya faɗi haka ban da shi, ba tare da ya kwafa daga gare shi ba? Tambayar ƙarshe ta fi sauran wuya, saboda shafuka 20 suna iya maimaita magana ɗaya, alhali dukansu daga rijiya ɗaya suka ɗebo. Hanyar da ta fi sauri ita ce a bar shafin da ake shakka a kansa, a buɗe wani gurbi a nemi abin da wasu suka ce game da mai shafin, maimakon a zauna ana ta karanta abin da yake faɗa game da kansa.

Hotuna suna buƙatar kulawa ta musamman. Na'urar ɗaukar hoto ba ta fito ga jama'a ba sai a 1839, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa ya rasu a 1817, Sarauniya Amina kuma ta riga shi da ƙarnuka. Duk wani hoto da ake yaɗawa da sunansu zane ne na wani mai fasaha, ko kuma hoton wani mutum dabam. Ana iya nuna zanen Amina a aji, amma a faɗa wa yara cewa zane ne, a kuma tambaye su me ya sa mai zanen ya ba ta doki da takobi. Ga sauran hotuna, a saka su a Google Lens ko TinEye a ga inda suka fara bayyana da abin da aka rubuta a ƙarƙashinsu tun asali. Shafin Dubawa ma yana bin diddigin labaran ƙarya da ke yawo a Nijeriya.

Wikipedia, ta Hausa da ta Turanci, ƙofa ce mai kyau ta shiga batu, amma ba a kwana a bakin ƙofa: a gangara ƙasan maƙala a ga madogaranta, a bi su. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa suna iya taimakawa wajen sauƙaƙa Turanci mai tsauri ko tsara tambayoyin gwaji, amma sukan ƙago shekara ko sunan littafi ko jerin sarakuna su faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa. Duk suna da shekarar da suka bayar, sai an gan su a wani ingantaccen wuri kafin a rubuta su a allo.

Abu na ƙarshe a nan ya shafi zaman lafiyar aji. A azuzuwanmu, musamman na Sabon Gari da Samaru da Wusasa, akwai Musulmi da Kirista, akwai Bahaushe da Bafulatani da Bayarabe da Ibo da 'ya'yan kudancin Kaduna a kan benci ɗaya. Batutuwa irin su jihadi da bauta da juyin mulkin 1966 da yaƙin basasa suna da ciwo a gidaje da yawa. Ba na cewa a guje su, domin tarihinmu ne, amma malami ya kalli kowane bidiyo daga farko har ƙarshe shi kaɗai, ya karanta kowane shafi da idon ɗalibin da maganar za ta fi taɓawa, ya kuma nisanci shafukan da aka gina domin zuga wani ɓangare a kan wani.

Mataki na biyar: saukewa da shirya kaya

Kada malami ya dogara da samun sabis a cikin aji. Duk abin da aka tantance a sauke shi tun da dare, lokacin da data ta fi araha. Manhajar Kiwix tana ba da damar sauke Wikipedia ta Hausa gaba ɗaya a karanta ba tare da data ba, kuma akwai samfurin da babu hotuna ga wanda wayarsa ba ta da wuri. Taswirar Google Earth a ɗauki hotonta daga fuskar waya. Kowane abu a sa masa suna mai ma'ana, kamar aji da zango da mako da batu, a zuba a folda ɗaya, a ajiye kwafi a katin memori ko filashi, domin waya tana ɓata, tana kuma lalacewa.

Daga nan sai taƙaitawa. Turancin 1829 ya fi ƙarfin ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, don haka malami ya zaɓi layi 8 zuwa 10, ya sauƙaƙa su, ya fassara kalmomi masu wuya da Hausa a gefe, ya rubuta sunan marubuci da shekara a sama. A kai shagon buga takardu a fitar da kwafi 8 ko 10, ɗaya ga kowane rukuni, ba sai kowane ɗalibi ya samu ba. Inda babu kuɗin bugu, a rubuta a kwali da babban alƙalami a rataya. Bidiyo kuma kada ya wuce minti uku: a haɗa waya da ƙaramar lasifika, a kira rukuni-rukuni su kalla yayin da sauran suke aikin takarda.

Mataki na shida: darasin kansa

Bari in kawo misali cikakke da darasin Sarauniya Amina, domin babu yaron Zariya da bai san sunanta ba. Tambayar darasi ita ce, "A wane zamani Amina ta rayu, kuma ta yaya muka sani?" Malami zai shirya kati uku. Na farko daga Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, inda aka ambaci Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda bisa lissafin Palmer ya yi sarauta daga 1421 zuwa 1438. A can aka ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da goro 10,000, ta kuma shekara 34 tana yaƙe-yaƙe. Na biyu daga Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya rubuta a 1812, inda ya kawo labarin yaƙe-yaƙenta da rasuwarta a Atagara. Na uku kuma ruwayar da ta fi yaɗuwa, wadda ta ce ita 'yar Bakwa Turunku ce, ana kuma sanya sarautar Bakwa wajen 1536. Tsakanin kati na farko da na uku akwai tazarar kimanin shekara 100.

A minti biyar na farko malami ya tambayi yara abin da suka sani game da Amina da kuma wanda ya gaya musu, ya rubuta amsoshin a gefen allo ba tare da ya gyara kowa ba. Sai ya raba katunan ga rukunoni, ya ba su minti 15 su cike jadawali mai gida huɗu: wa ya faɗa, yaushe aka rubuta, me aka ce ta yi, wane zamani aka ba ta. Shi kuma yana zagayawa yana saurare. A minti 12 na gaba kowane rukuni ya faɗi abin da ya samu, kuma a nan ne wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, to wanne ne gaskiya?" Wannan ita ce tambayar da aka shirya darasin dominta, saboda haka kada malami ya yi gaggawar kashe ta da amsa. Ya mai da musu ita: shekara nawa ne tsakanin Amina da wanda ya rubuta kowane kati? A kan me katunan suka haɗu? Me ya sa labarin da aka daɗe ana miƙawa baki da baki yakan riƙe suna da aiki, amma ya saki shekara? Yara da kansu za su lura cewa ruwayoyin sun haɗu a kan mace ce daga Zazzau mai ƙarfin yaƙi, sun rabu a kan lokaci. A minti takwas na ƙarshe kowa ya rubuta jimla uku a littafinsa: abin da ruwayoyin suka yi ittifaƙi a kai, inda suka saɓa, da wadda ya fi karkata gare ta tare da dalilinsa. Malami ya kuma sanar da su shekarar da littafin makarantarsu ya ɗauka, domin jarrabawa tana nan tafe.

Darasin zamantakewa ma haka ake gina shi, sai dai shaidunsa na yau ne. Idan batun 'yancin ɗan ƙasa ne, a sauke Kundin Tsarin Mulki na 1999 a buga Babi na 4, a ba kowane rukuni sashe ɗaya, kamar na 38 kan 'yancin addini, ko na 41 kan 'yancin zirga-zirga, ko na 42 kan haramcin nuna bambanci, su fassara shi da Hausa su kawo misali daga unguwarsu. Idan batun yawan jama'a ne, ƙidayar 2006 ta ba Nijeriya mutum 140,431,790, Jihar Kaduna kuma 6,113,503, kuma ya kamata yara su san cewa alƙaluman da suke ji na shekarun bayan nan hasashe ne da aka ɗora a kan wannan ƙidaya. Idan kuma tsarin mulkin tarayya ne, taswira huɗu sun wadatar: ta lardunan Arewa, ta 1967 lokacin da aka haɗa Lardin Zazzau da na Katsina aka yi Jihar Arewa ta Tsakiya, ta 1976 da aka sake mata suna Kaduna, da ta 1987 da aka cire Katsina. Yaro zai ga cewa kakarsa ta zauna a ƙarƙashin sunaye da iyakoki dabam-dabam ba tare da ta bar ɗakinta ba. Ga kasafin kuɗi, ƙungiyar BudgIT tana sauƙaƙa shi da zane-zanen da ɗan sakandare zai fahimta.

Mataki na bakwai: daga waya zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa rumbu

Abin da aka gani a fuskar waya sai an taka shi da ƙafa yake zama. Sau ɗaya a zango, da izinin shugaban makaranta da na iyaye, a fita da yara zuwa ƙofar gari mafi kusa, ko inda ragowar ganuwa take, ko gindin Dutsen Kufena, riƙe da taswirar da aka buga, su nuna da yatsa inda suke tsaye. Makarantar da ke kusa da tashar jirgi ko Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, ko Kwalejin Barewa da ta dawo Zariya a 1949, tana da abin ziyara a bakin ƙofarta.

Sannan a ba su aikin gida na hira da dattijo ko dattijuwa a gidansu, da tambaya uku da aka shirya a aji. A koya musu ladabin abin: a durƙusa a gaida, a ce, "Baba, Malam ne ya ba mu aiki, muna roƙon ka ba mu labarin yadda kasuwar nan take kana yaro," ko "Iya, da wane irin kuɗi kuke cefane kafin naira?" Naira ta maye gurbin fam a 1973, don haka akwai masu amsa wannan tambaya a kusan kowane gida. Idan za a naɗi murya, sai an nemi yardar mai magana, kuma kada a saka muryarsa ko hoton ɗalibai a Facebook ko WhatsApp ba tare da izini ba. A mako na gaba a kwatanta abin da dattawa suka faɗa da abin da takardun intanet suka ce, da jadawalin nan mai gida huɗu da aka yi amfani da shi a darasin Amina.

A ƙarshen zango malami ya tattara katunan da suka yi aiki, da taswirori, da hirarrakin da aka yarda a ajiye, ya rubuta a kan kowanne wanda ya yi magana da unguwa da ranar da aka naɗa. Malaman tarihi da zamantakewa na makarantu uku ko huɗu da ke kusa da juna su haɗu su raba batutuwan zango mai zuwa, kowa ya ɗauki biyu ya tantance ya shirya, sannan su yi musayar foldoji ta Xender ko filashi ba tare da kashe data ba. Kwafi ɗaya kuma a miƙa shi ofishin shugaban makaranta, a rubuta shekara da zango a jikinsa, domin malamin da za a turo idan an yi wa mai darasin canjin wurin aiki.